Dattijon Da Ya Yi Wa Masu Kewar Jiya Dariya

A shekarar 2011 Woody Allen yana da shekara 75 a duniya, ya kuma shirya fina-finai kusan 40. Masu sharhi da dama sun daɗe da sanya shi cikin waɗanda tauraruwarsu ta dushe, suna ganin ba zai sake yin irin Annie Hall na 1977 ba. Sai ga Midnight in Paris, fim ɗin soyayya da barkwanci da aka kashe wa dala miliyan 17, ya tara kimanin dala miliyan 150. Da shi aka buɗe bikin fina-finai na Cannes, a 2012 kuma ya ci kyautar Oscar ta rubutun labari.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne labarin. Gil, marubuci Ba'amurke da Owen Wilson ya fito a matsayinsa, ya je Paris da budurwarsa, amma zuciyarsa na can cikin shekarun 1920. Kullum da tsakar dare wata tsohuwar mota takan kai shi wancan zamani, ya zauna da su Hemingway da Picasso. A can ya kamu da son Adriana, sai ya tarar ita ma ta raina zamaninta, shekarun 1890 take kewa. Da suka isa 1890 ɗin, masu zanen lokacin su ma zamanin da ya gabace su suke yabo. Abin da ya farkar da Gil kuwa ba falsafa ba ce; tunawa ya yi cewa mutanen da ba su da allurar kashe zafi wajen cire haƙori.

Na san zargin da 'yarsa ta riƙo ta yi masa, wanda ya musanta, kuma ban ga laifin wanda ya ƙaurace wa fina-finansa saboda haka ba.

Amma a ganina nasarar fim ɗin tana da dalili. Da matashi ne ya yi wa masu kewar jiya ba'a, da an ce rashin kunya ce. Daga bakin dattijon da shi kansa ake ce wa zamaninsa ya wuce, maganar ta shiga. Ni ma da na kalle shi sai na tuna yadda nake cika ɗalibaina da labarin jami'ar zamaninmu, alhali malamanmu na wancan lokaci kullum cewa suke ilimi ya riga ya mutu kafin mu zo.