Babbar tabulet ko laftof: ina ya kamata kuɗin su tafi?

Lokacin da Steve Jobs ya fito da iPad a 2010, girman fuskarta inci 9.7 ne, abin da mutum zai riƙe da hannu ɗaya yana karatu a kishingiɗe. Tun daga nan tabulet take ta ƙara girma: Apple ya kai ta inci 12.9 a 2015, Samsung kuma ya zarce da Galaxy Tab S8 Ultra mai inci 14.6 a 2022. A ganina, girman nan ya raba ta da abin da ya sa ake son ta, bai kuma kai ta matsayin laftof ba.

A fara da lissafi. iPad Pro mai inci 13 da ta fito a 2024 ta fara ne daga dala 1,299 a Amurka, kibod ɗinta na kamfani dala 349, alƙalaminta dala 129. MacBook Air na 2025, daga kamfani guda, ya fito ne a kan dala 999 da kibod ɗinsa a jiki. Nauyin ma da ake kafa hujja da shi, ita kaɗai ba ta kai giram 600 ba, amma da an maƙala mata kibod sai ta kusan yin kunnen doki da laftof ɗin mai kilo 1.24.

Masu kare ta za su ce ai ƙarfinsu ɗaya, kuma sun faɗi gaskiya: tun 2021 Apple yake sa mata irin injin da ke cikin kwamfutocinsa. Sai dai inda gizo ke saƙa shi ne manhaja. Ɗalibin da zai tace bayanan bincikensa da SPSS ba zai same ta a iPad ko Android ba. Akawun da ya dogara da macro a Excel zai tarar ba ya aiki. AutoCAD ɗin da ke can gutsure ne na ainihin. DeX na Samsung da tsarin tagogin da Apple ya faɗaɗa a 2025 sun sa fuskar ta yi kama da ta kwamfuta, amma manhajojin da ke ciki suna nan yadda suke. Tabulet ɗin Surface Pro ta tsira daga wannan ne kawai domin cikakkiyar Windows take ɗauke da ita.

Hujjar masu kare tabulet da ta fi nauyi a wajenmu ita ce wuta. Tabulet tana jure yini, ƙaramin fawa-banki ko sola na cika ta, tsohon laftof kuwa batirinsa kan mutu kafin a gama shafi biyar. Mai zane da malamin da aikinsa karatu ne da gyara da alƙalami, su kam kuɗinsu bai tafi banza ba, ko da yake mai karatu zalla inci 11 ta ishe shi.

Saura gyara, wanda ba a cika tunawa da shi ba sai rana ta ɓaci. Laftof ɗin ThinkPad ko EliteBook na hannu, kusan kowane mai gyara a Kano ko Kaduna zai kwance shi ya canja batir ko ma'adanar bayanai, sau da yawa har ya ƙara masa RAM. Babbar tabulet a manne take da gam, yadda aka saye ta haka za ta tsufa, in kuma gilashin ya fashe, kuɗin sabo kan doshi na wani laftof ɗin na hannu.