Rumbunan Kogon Nok: Ziyara Daga Sokode

Mu mutanen Sokode mun san hanyar arewa, amma sanin ɗan kasuwa muka yi mata. Mukan ratsa tsagin dutsen Alejo, mu wuce Bafilo da Kara da Mango, mu sauka Dapaong, mu gama cinikinmu mu juyo. Tafiyar kusan kilomita 300 ce, kuma da wuya ɗayanmu ya tambayi abin da ke cikin duwatsun da yake hange ta tagar mota. Wani hunturu, kafin tsaro ya taɓarɓare a jihar Savanes, muka ware kwana biyu don mu je kogon Nok da ƙafafunmu.

Bayan sallar asuba muka bar Dapaong, muka yi kudu maso yamma zuwa wajen Nano, a yankin Tanjuware. Da aka rabu da kwalta sai jar ƙasa da ƙura, ga kaɗanya da kuka da ɗorawa, ga gidajen Moba na laka kowane a tsakiyar gonarsa. A ƙauye muka ajiye babura, muka gaisa da dattawa, suka haɗa mu da ja-gora. Wannan gaisuwa ba ta da makawa, domin wurin gadon masu shi ne, ba dajin Allah ba ne da kowa zai kutsa. Wanda zai je ya riƙe ruwa mai yawa da takalmi mai kama dutse. Ɗayanmu da ya zo da silifa ya gane kurensa tun kafin hantsi.

Daga saman dutsen ba a ganin kome sai filin da ya miƙe can ƙasa. Sai an bi wani tsanin ƙarfe an sauka ta gefen gangaren, zuciya na dukan uku-uku, sannan kogon ya bayyana: dogon lungu a jikin dutse, cike da rumbuna na yumɓu da ciyawa da tsakuwa, wasu dogaye, wasu kamar tulu, bakinsu na kallon sama. An ƙirga 134 a Nok, 113 a Mamprug. An kuma samu baka da kibau da kwari a cikinsu. Tun shekarar 2000 Togo ta sa wurin cikin jerin wuraren da take nema wa amincewar UNESCO.

Me zai sa manomi ya ɗora hatsinsa a ka, ya kai shi inda ko akuya sai ta yi shawara? Tsoro ne. Tsakanin ƙarni na 17 da na 19 mutanen yankin sukan gudo nan da mata da yara idan mahara sun taso, musamman Cakosi, wato Anufo, waɗanda suka kafa mulkinsu a Mango cikin ƙarni na 18, suna karɓar gandu, suna kama mutane.

A nan ne hirarmu ta yanke. Cikakken sunan garin nan shi ne Sansane-Mango, kuma kalmar sansani tamu ce. Ayarin fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro a nan suke yada zango, kafin su ƙarasa Salaga, kasuwar da ba goro kaɗai ake sayarwa a cikinta ba, har da bayi. A gida an ba mu labarin madugai da jakuna da wahalar hanya, kuma muna alfahari da shi. Amma ba a taɓa ba mu labarin waɗanda suke kwance cikin dutse, suna toshe bakin jarirai, a shekarun da ayarin ke wucewa ba. Ja-goranmu bai zarge mu da kome ba. Ya nuna mana baƙin hayaƙi a rufin kogon, ya ci gaba da tafiya.

Yau zuwa can sai da lura. A watan Mayun 2022 'yan bindiga suka kashe sojoji 8 a Kpekpakandi, kusa da iyakar Burkina Faso, a watan Yuni kuma gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Duk iyalin da ke da niyya su fara tambayar hukuma da 'yan'uwanmu na zangon Dapaong, su tafi da rana, su komo kafin magariba.