Kafin a Tashi Daga Madarunfa Zuwa Agadas ko Arlit: A Fara da Lissafi

Kowace shekara, da zarar an gama girbi an shigar da hatsi rumbu, matasa da magidanta da yawa na gundumar Madarunfa sukan ɗaura niyyar tafiya neman kuɗi. Wasu sukan nufi Kano ko Katsina, wasu Yamai, wasu kuwa sukan nufi arewa, zuwa Agadas da Arlit. Dalilan tafiyar sanannu ne. Ƙidayar shekarar 2012 ta nuna gundumar tana da mutum kusan 450,000, gonaki kuwa sai ƙanƙancewa suke yi wajen rabon gado. Ga kuma ƴan bindiga masu satar shanu da mutane, waɗanda suka addabi ƙauyukan bakin iyaka a shekarun baya-bayan nan.

Tafiya neman halali ba laifi ba ce. Amma garin hamada ba kamar garin gulbi ba ne. Wannan bayani zai taimaka wa mai niyya ya auna abubuwa biyu kafin ya sayar da akuya ya biya kuɗin mota: abin da zai samu a can, da abin da zaman can zai ci masa.

Wane irin gari ne Agadas?

Agadas tsohon birni ne, mazaunin Sarkin Abzin. Hasumiyar babban masallacinsa ta ƙasa ce, tsawonta mita 27, kuma a shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A ƙidayar 2012 mutanen garin sun haura 110,000. Ana jin Hausa a kasuwa da cikin unguwanni, saboda haka baƙo daga Maraɗi ba zai rasa abokin magana ba.

Daga Maraɗi zuwa Agadas tafiyar kusan kilomita 700 ce, ko ta hanyar Damagaram da Tanut, ko ta hanyar Tawa da Abalak. Arlit kuma tana gaba da Agadas da kilomita kusan 240.

Babban bambancin shi ne ruwan sama. Madarunfa takan samu milimita 500 zuwa 600 a shekara. Agadas kuwa sau da yawa ba ta kaiwa 200, ta Arlit ma ta fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba. Daga wannan ne tsadar rayuwa take farawa.

Me ya sa rayuwa take da tsada?

Cimaka. Ba a noman hatsi a gonakin damina a kewayen Agadas kamar yadda ake yi a kudu. Hatsi da dawa da wake daga ƙasar Damargu da Damagaram da Maraɗi ake kai su. Tun zamanin ayarin raƙuma haka abin yake: Buzaye su kawo gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi. Yau manyan motoci ne suke ɗauka, kuma kuɗin mai da na dako da ribar ɗan kasuwa duk a kan mai saye suke ƙarewa. Wanda ya saba ɗiba daga rumbu zai koma sayen tiya-tiya kullum.

Ruwa. A gida akwai rijiya da tafki da gulbi. A can ruwan famfo daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa, kuma a lokacin bazara yakan yi ƙaranci, musamman a sababbin unguwannin bayan gari. Wanda ba shi da famfo sai ya saya wajen ƴan garuwa, na sha da na wanka da na wanki.

Wurin kwana. A ƙauye mutum ba ya biyan haya. A birni kuwa kowane ƙarshen wata mai gida yana jira, ko an samu aiki ko ba a samu ba. A kula da ɗaki mai arha da yake bakin ƙorama. A watan Satumba na 2009 ambaliyar ƙoramar Telwa ta rushe gidaje masu yawa a Agadas.

Itace da gawayi. Daji ya yi nisa, itatuwa kuma kaɗan ne, don haka makamashin girki ma sayensa ake yi.

Yanayi. A watannin Mayu da Yuni zafi yakan wuce digiri 40. A Disamba da Janairu kuma dare yakan yi sanyi ƙwarai. Ana bukatar bargo da rawani da takalmi mai kyau, da ɗan abin da za a ajiye saboda magani.

Kuɗi. Nairar da ake karɓa a kasuwannin bakin iyaka, irin su Ɗan Isa, sai an canza ta zuwa Sefa kafin ta yi amfani a arewa.

Waɗanne ayyuka ne ake samu?

Ma'adinin yuraniyom. Shi ne ya kafa garin Arlit. Kamfanin Somaïr ya fara haƙa a 1971, Cominak kuma a 1978. Labarin albashi mai tsoka da dattawa suke bayarwa na wancan zamani ne. An rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan masu aikin kwangila. A watan Yuni na 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa. Irin waɗannan kamfanoni masu takardar shaidar sana'a suke ɗauka, ba wanda ya sauka daga mota jiya ba.

Zinariya. A 2014 aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, can cikin sahara, ɗaruruwan kilomita daga Agadas. Dubban mutane suka kwarara. A 2017 hukuma ta rufe wurin haƙar Jado. A irin waɗannan wurare a mota ake kai ruwa da abinci, farashinsu kuma yakan ninka na gari. Galibi mai rami ne yake ciyar da leburori, a raba abin da aka samu bayan ya cire abin da ya kashe. In ba a samu kome ba, wahalar watanni ta tafi a banza. Haɗarin kuma mutanen Madarunfa sun san shi a ƙofar gidansu: a watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta a Garin Liman, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu.

Sufuri. Agadas ita ce ƙofar hanyar Libiya. A 2015 an kafa dokar da ta hana safarar baƙin haure, abin da ya sa direbobi da masu masauki da yawa suka rasa sana'a. A watan Nuwamba na 2023 aka soke dokar. Darasin da ke ciki shi ne, sana'ar da doka ɗaya take iya rufewa ko buɗewa ba abin da magidanci zai jingina iyalinsa a kai ba ne.

Yawon buɗe ido. Da can yana ciyar da maƙera da dukawa da direbobi. Tawayen 2007 zuwa 2009, da sace Turawa a Arlit a watan Satumba na 2010, sun durƙusar da shi.

Garake. A duwatsun Abzin, wajen Tabelot da Timiya, ana noman albasa da dankalin Turawa da tafarnuwa da lemu. Wanda ya ƙware da noman rani a Jiratawa ko a bakin tafkin Madarunfa yana da abin da zai nuna a can.

Sana'ar hannu da ƙananan ayyuka. Magini, makaniki, mai walda, tela, mahauci da mai tuwo-tuwo sun fi saurin samun abin yi. Wanda ƙarfinsa kaɗai ya kawo zai tarar da masu jiran aikin dako da na lebura sun fi aikin yawa.

Yadda ake yin lissafin

A samu takarda a raba ta gida biyu. A dama a rubuta abin da zai shigo a wata, a hagu abin da zai fita. Ga misali don koyon hanyar. Kowa ya sa farashin da ya tambayo a madadin waɗannan lambobi.

A ce lebura yana samun jika 3 a yini, ya yi aiki kwana 20 a wata. Abin da ya shigo jika 60 ke nan.

Abin da ya fita:
1. Rabonsa na hayar ɗaki: jika 10
2. Abinci, jika 1 a yini: jika 30
3. Ruwa da sabulu da wuta: jika 5
4. Kabu-kabu da kuɗin waya: jika 5
5. Magani: jika 3
Jimla: jika 53

Abin da ya rage jika 7 ne kacal. In kuɗin mota zuwa da dawowa jika 30 ne, sai ya yi aikin fiye da wata huɗu kafin ya mayar da kuɗin motar kaɗai, bai aika wa iyali ko dala ba. In kuwa kwanakin aiki suka ragu zuwa 15, abin da zai shigo jika 45 ne, ya ci bashin jika 8 a wannan wata. Ashe ba kuɗin yini ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne kwana nawa ake samun aikin, da abin da yake saura a ƙarshen wata.

A tuna kuma, a takarda da tamma ake rubuta kuɗi, a baki kuwa da dala da jika ake faɗa. Dala ɗaya tamma 5 ce, jika ɗaya tamma 1,000. An tsayar da mafi ƙarancin albashi a dokar Nijar a kan tamma 42,000 a wata, wato jika 42. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a takardar da ba a karanta ba.

Abin da aka baro a gida ma yana cikin lissafi

Wa zai yi sharar gona da shuka in ruwan fari ya sauka mai gida bai dawo ba? In an ɗauki ƴan ƙwadago, a rubuta kuɗinsu a gefen hagu. In an sayar da dabba ko an jinginar da gona don kuɗin mota, wannan bashi ne da tafiyar za ta biya. Gonar da aka jinginar takan yi wuyar dawowa.

Haka nan a auna abin da za a iya samu ba tare da an yi nisa ba: noman zogale da kayan miya a fadamar Jiratawa, su a tafki, kiwon turka, ko ƙaramin kasuwanci a Maraɗi. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, sukan ba membobinsu ƙaramin rance na jari. Jika 10 da aka samu a gida, inda ba haya ba sayen ruwa, takan fi jika 30 na garin baƙunci albarka.

Gargaɗi game da wuce Arlit

Wasu sukan ce in Agadas ba ta yi ba sai a zarce Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Har ila yau, hukumomin Aljeriya sukan kwaso waɗanda ba su da takardu su maido su Asamaka, sau da yawa hannu wofi. Kada a shiga sahara da mata da yara bisa alkawarin ɗan kamasho.

Abubuwan da ya kamata a yi kafin tashi

1. A tambayi mutum biyu ko uku da suke can yanzu, ba wanda ya dawo shekara biyar da suka wuce ba. A tambayi farashin tiyar hatsi, jarkar ruwa, hayar ɗaki da kuɗin yinin lebura.
2. A san sunan wanda za a sauka wurinsa, da unguwarsa, da lambar wayarsa.
3. A tanadi katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa. Akwai shingayen bincike a hanya.
4. A riƙe guzurin wata ɗaya, a ware kuɗin motar dawowa daban, kada a taɓa su.
5. A yi yarjejeniyar lada a gaban shaidu, in da hali a rubuce. In rigima ta taso, akwai ofishin sufeton ƙwadago.
6. Mai gida ya fara zuwa shi kaɗai. Kada a kwashi iyali, kada a cire yara daga lakwal, sai aiki ya tabbata na wasu watanni.
7. A bar wa iyali cimakar da za ta kai su, a kuma shawarta da uwargida da iyaye kafin a yanke magana.
8. A sa wa'adi. In wata biyu suka wuce lissafi bai fita ba, a dawo tun kuɗin mota suna hannu. Dawowa da wuri ba abin kunya ba ne.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake da sana'a a hannu, da masauki, da guzuri, kuma lissafinsa ya nuna saura, yana iya tafiya da kwanciyar hankali. Wanda lissafinsa bai fita ba kuwa, gara ya dakata shekara guda ya koyi sana'a ko ya tara jari.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne abubuwa ne kuke samu kyauta a garinku, waɗanda sai an saya a Agadas?
2. A misalin da aka bayar, nawa ne zai rage in leburan ya yi aiki kwana 25?
3. A cikin waɗanda suka tafi arewa daga garinku bara, su nawa ne suka dawo kafin shuka?