Ɗan Walewale da Kuɗin Gana: Daga Aji zuwa Baitulmali

Ilimin kuɗin gwamnati yana tsaye ne a kan tambayoyi kaɗan. Daga ina haraji zai fito, a kan me za a kashe shi, wa zai biya bashin da aka ciyo? Ilimin tafiyar da mulki kuma shi ke duba ma'aikatan da kuɗin ke bi ta hannunsu. A Gana, tun 1961 aka kafa makarantar da yau ake kira GIMPA a Akra domin horar da su.

Mai son ganin inda ilimin kuɗin gwamnati ke kai mutum, ya dubi Walewale, garin Mamprusi da ke kan hanyar Tamale zuwa Bolgatanga. Can ne tushen Dakta Mahamudu Bawumia, wanda aka haifa a Tamale a 1963. Ya karanta tattalin arziki a Ingila, ya sami digirin dakta a Jami'ar Simon Fraser ta Kanada a 1995, ya koyar a Jami'ar Baylor ta Amurka. A 2000 ya dawo gida ya shiga Babban Bankin Gana, a 2006 ya zama mataimakin gwamna.

Yana kan wannan kujera aka canja kuɗi a Yulin 2007, aka goge sifiri huɗu, sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya. Kafin nan, ɗan kasuwa mai zuwa sarin hatsi sai ya cika leda da damman takardu, a zauna ana tofa yawu a yatsa ana ƙirga. Har yau akwai dattawan da in ka miƙa musu sidi 100, miliyan ɗaya za su kira shi.

Jarabawa mai wuya ta zo daga baya. Yana ɗan adawa, laccocinsa kan bashi da faɗuwar sidi sun ja masa suna ƙwarai. Ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2017, aka ɗora shi kan kwamitin tattalin arziki. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100, Gana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, daga baya kuma tsofaffi 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a Ma'aikatar Kuɗi. Magoya bayansa sun ce korona ce da yaƙin Yukiren. Abokan hamayya suka ciro masa tsofaffin laccocinsa.

A ganina kowane ɓangare na da ƙamshin gaskiya, amma gaskiyar masu suka ta fi nauyi, domin bashin ya riga annobar taruwa. A zaɓen shugaban ƙasa na Disambar 2024, John Mahama ya kayar da shi.