Sarauniyar Lugu ta majigi da ta tarihi

Yawancin matasan da suka san sunan Sarauniya Mangu a yau ba daga bakin kakanni suka ji shi ba. A makaranta suka ji, ko a fim ɗin da Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya fitar a 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Fim ɗin ya tsufa amma bai mutu ba, ana ta tura guntayensa daga waya zuwa waya har nan Gangara da sauran garuruwan Damargu. Mai kallo kuwa sai ya ɗauka duk abin da idonsa ya gani haka ya faru.

Abin da tarihi ya tabbatar ba shi da yawa. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa ta nufi tafkin Chadi, tana ƙone garuruwa, tana kwashe hatsi da mata. Ranar 16 ga Afrilu ta isa Lugu, garin Azna a ƙasar Dogon Dutsi. Mutanen Sarauniya suka tare ta da kibau, suka kashe mata soja huɗu, sannan suka janye cikin kurmi, aka ƙone garin. A watan Mayu aka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da shi, kuma kafin kwana huɗu su cika sojojinsu baƙaƙen fata sun kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi, ƙasar Tasawa.

A wannan ɓangaren fim ɗin bai yi ƙari ba, in ma akwai abin faɗa, ragewa ya yi. 'Yan dako ɗaure da igiya a wuya, rumbunan da aka banka wa wuta, hafsan da girman kai ya kai shi ga hauka har ya ce ya fita daga Faransa zai kafa daular kansa, duk suna cikin rahotannin Turawan da kansu. Wanda yake son ya san yadda mulkin Nasara ya shigo ƙasarmu zai ƙaru da kallon nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne ita Sarauniyar. Hondo ya ɗauko labarinsa daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980. Mamani ɗan gwagwarmayar Sawaba ne da ya sha gudun hijira da kurkuku, kuma ƙagaggen labari ya zauna ya rubuta, yana neman jarumar da 'yan Nijar za su yi tinƙaho da ita. Takardun Faransa 'yan layuka kaɗan suka ba ta. Joalland, ɗaya daga cikin hafsoshin tafiyar, tsohuwar matsafiya ya kira ta. Saboda haka yarinyar da aka shayar da nonon goɗiya, da Dawa wanda ya rene ta ya koya mata harbi da magani, da masoyinta Baka, duk daga alƙalamin marubuci suka fito. Budurwa mai ƙarfi da ke gaban mayaƙa da baka a hannu ta fi dacewa da majigi. A al'adar Lugu kuwa, mai riƙe da wannan sarauta mace ce ta tsafi da addu'ar ruwa, mai zaman ɗaki, kuma sarautar ta ci gaba bayan Mangu, wata na gadon wata. Ƙarfinta a wurin mutanenta na asiri ne. Ni a ganina wannan matar ta fi ban sha'awa, sai dai da wuya a sa mai kallo ya zauna awa biyu yana duban wadda ba ta fita.

Akwai kuma abin da kunnen Bahaushe zai kama nan take: Sarauniyar fim ba ta Hausa. An so a ɗauki fim ɗin a Nijar, shirin ya wargaje, sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta karɓe shi. Aï Keïta, 'yar Burkina, ta fito a matsayin Sarauniya, da Julanci take magana. Ta yi wasa mai kyau, babu musu, amma kirari da habaici da zaurancen Arewa duk sun faɗi a hanya.

Wannan ciwo ne na duk fim ɗin da ya ɗauko rayuwar mutum. A Amurka, a 1951, an yi Follow the Sun kan Ben Hogan, gwanin wasan golf, Glenn Ford ya fito a madadinsa. Ya nuna karon da motarsa ta yi da bas a 1949, yadda ya kife kan matarsa Valerie don ya kare ta, da komawarsa fili cikin shekara guda da ƙafafu a naɗe. Amma bai ce uffan ba kan mahaifinsa da ya kashe kansa Hogan na ɗan shekara 9, ya kuma ƙago masa aboki wanda bai taɓa rayuwa ba. Can mai labarin yana raye yana sa ido, sai aka rufe abin da ba ya so. A Lugu mai labarin ta daɗe da rasuwa, ba ta bar rubutu ba, sai aka cike giɓin da abin da zamanin 'yancin kai ke bukata.

Fim ɗin ya tsaya kan mutuwar hafsoshin biyu da sabon garin da Sarauniya ta buɗe wa kowace ƙabila, mai kallo ya tashi da jin an yi nasara. Rundunar kuwa ba ta watse ba. Ragowarta ta ci Damagaram a Tirmini ƙarshen Yuli 1899, daga baya aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, kuma a watan Nuwamba wata rundunar, ta Foureau da Lamy, ta sauko daga Agadas ta ratsa Damargu ta isa Zinder.