Rigar gwanjo da rigar tela: a san zare kafin a biya kuɗi

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Wannan shi ne lokacin da mutanen Damargu suka fi sayen tufafi. Manomi ya sayar da ɗan gero ko wake. Makiyayi ya sayar da akuya ko tunkiya. Kowa yana neman abin da zai rufe jikin iyalinsa.

A kasuwannin Tanut da Balbeji da Gangara da Bakin Birji, ana zube kayan gwanjo bisa tabarma, waɗanda wasu ke kira bosho. Can gefe kuma tela yana zaune cikin rumfa da kekensa. Mai saye yakan tsaya tsakaninsu yana lissafi. Wasu sun ce gwanjo ya fi, don yana da araha. Wasu sun ce araha ba ta ado. Gaskiyar magana ita ce, abu biyu ke sa riga ta yi wa mutum amfani a ƙasar rana da sanyi: irin zarenta, da irin ɗinkinta. Wanda ya san waɗannan biyu ba zai zubar da kuɗinsa ba, ko wajen mai gwanjo ko wajen tela.

Tufafin da kakanni suka sani

Damargu tsohuwar hanyar fatake ce. A dā ayarin raƙuma yakan taso daga Kano, ya bi ta Damagaram, ya ratsa Damargu, ya nufi Agadas, har can Turabulus. Damargu tana ba da gero, ayari yana kawo gishiri da tufafi. A watan Janairu na 1851 wani Bature ɗan Jamus mai suna Bart, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa Damargu a kan hanyarsa ta zuwa Kano. Ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a Kano suna kaiwa har Tumbuktu da Turabulus.

Duk aikin hannu ne. Mata su gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri mai tsawo. Maɗinki ya haɗa shi da allura, ya zama zane ko gwado ko riga. Daga nan sai marina.

A marina akwai abin mamaki. Ana zuba baba da ruwan toka cikin karofi, a bar shi kwanaki ya ruɓa. In an tsoma farin ƙyalle aka fid da shi, ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa. Sai iska ta buge shi sannan ya koma shuɗi a gaban idon mutum. Masana sun gano dalili. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke cikin karofi, su ne ke juya shi ya narke ya shiga cikin zare. Da iska ta taɓa shi sai ya koma yadda yake, ya maƙale a ciki. Marinar Ƙofar Mata a Kano da garin Kura sun yi suna da wannan aiki. Rawani ɗan Kura da turkuɗi, masu ƙyalli saboda bugu, Abzinawa suna ba su daraja ƙwarai. A 1897 wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, kuma tun daga nan baba ya fara ja da baya.

Baƙar riga cikin rana

Yara masu zuwa lakwal sukan tambaya: tun da baƙin abu ya fi jan zafi, don me makiyayan hamada suke sa baƙar riga da baƙin rawani? Wasu masana su huɗu sun yi wannan tambaya game da Larabawa makiyaya. Suka tafi hamadar Negeb, suka tsayar da mutum cikin rana. Suka sa masa baƙar riga mai faɗi, suka auna. Suka sa masa fara mai faɗi, suka auna. Sun buga sakamakon a 1980.

Ga abin da suka samu. Bayan baƙar riga ya fi na farar zafi da wajen digiri 6. Amma zafin da ya kai jikin mutumin ɗaya ne, ko cikin baƙa ko cikin fara. Dalili shi ne faɗin rigar. Iska tana shiga ta ƙasa, ta ɗauki zafi, ta fita ta wuya da hannuwa, kamar yadda hayaƙi ke tashi sama.

Ke nan sirrin yana wajen ɗinki. Jiki yana huce kansa da zufa, kamar yadda randa da salka ke sanyaya ruwa. Ruwa ya tsattsafo, iska ta busar da shi, ciki ya yi sanyi. In an naɗe randa da leda, ruwanta ba zai yi sanyi ba. Haka jikin mutum yake cikin matsattsiyar riga. Babbar riga da taguwa da wando mai yalwa ba ado kaɗai ba ne, dabara ce ta zama da rana.

Daga ina gwanjo yake zuwa

Gwanjo tufafi ne da mutanen Turai da Amurka da Sin suka sa suka ajiye. Ana tattara su, a rarraba, a matse cikin dila, a sa a jirgin ruwa zuwa bakin teku kamar Lome da Kwatano. Daga can motoci su hauro da su. Mai gwanjo yana sayen dila a ɗaure, bai san abin da ke ciki ba sai ya kwance.

Farin 1973 da na 1984 sun karya dukiyar mutane da yawa a Damargu. A watan Janairu na 1994 aka rage darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada. A irin wannan hali gwanjo ya rufa wa talaka asiri. Yaron da a dā zai kwana yana rawar ɗari, yau yana da rigar sanyi. Wannan alheri ne, ba a musunsa. Amma an ɗinka waɗannan kaya ne don wata ƙasa da wani yanayi. Shi ya sa dole a zaɓa.

Zare iri uku

Na farko auduga, daga gona take. Tana shan zufa, tana barin iska ta wuce. Ita ce ta bazara da aikin gona.

Na biyu ulu, wato gashin tumaki. Yana riƙe ɗumi. Shi ne na hunturu da kwanan daji.

Na uku zaren roba. Daga man fetur ake yin sa. Irin ɗanyen man da ake tacewa a matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 kusa da Bakin Birji, shi ne masana'antun wasu ƙasashe ke juyawa ya zama leda da zare. An ƙirƙiro nailan a Amurka a 1935, an ƙirƙiro foliyesta a Ingila a 1941. Yau fiye da rabin zaren da ake yi a duniya foliyesta ne. Yana da ƙarko, yana bushewa da wuri, yana da araha. Amma kusan ba ya shan ruwa. In an matse jiki da shi cikin bazara, zufa takan kwanta a fata, wari ya tashi, ƙurajen zafi su fito wa yara.

A lura, ba a gwanjo kaɗai roba take ba. Sabon yadi mai araha da sheƙi, wanda ake kai wa tela, sau da yawa shi ma roba ne. Tsohuwar rigar auduga ta gwanjo tana iya fin sa amfani.

Yadda ake ganewa

Hanya ta farko karatu ce. A wuyan riga ko a gefenta ta ciki akwai ɗan ƙyalle mai rubutu. In an ga coton ko cotton, auduga ce. In an ga laine ko wool, ulu ne. In an ga polyester, ko nylon, ko acrylique, roba ce. Alamar % tana nufin kashi cikin ɗari. In an rubuta 100% coton, auduga ce zalla. In an rubuta 65% polyester 35% coton, roba ta fi yawa. Wanda ya iya haɗa baƙaƙe zai karanta wannan da kansa, ba sai ya dogara da bakin mai sayarwa ba.

Hanya ta biyu ruwa ce. A ɗiga ɗigo ɗaya bisa ƙyalle. Wankakkiyar auduga takan shanye shi nan da nan. A bisa roba yakan tsaya ko ya gangare.

Hanya ta uku ashana ce. Da izinin mai kaya, a zare ƴan zaruruwa daga ɗinkin ciki, a koma gefe nesa da tarin kaya, a ƙyasta. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu yana warin babbakar gashi, ya bar baƙin abu mai murmushewa. Roba tana ƙanƙancewa, ta narke, ta bar dunƙule mai tauri da ba ya murmushewa.

Hattara da wuta

Wannan gwaji na uku yana nuna hatsari babba. Cikin hunturu yara da tsofaffi suna kewaye wuta suna jin ɗumi. Mata kullum suna bakin murhu. Kowace tufa tana kama wuta, har auduga. Amma roba in ta kama, narkewa take yi ta manne da fata, ƙuna ta yi zurfi. Yawancin rigunan sanyi masu laushi na gwanjo roba ne, ko da sun yi kama da ulu. Kada a bar ƙaramin yaro mai irin wannan riga shi kaɗai a bakin wuta. Mace mai girki ta ɗaura zanen auduga, ta tattare gefen mayafinta.

In tsautsayi ya faru, kada mutum ya ruga da gudu, don gudu yana hura wuta. Ya kwanta ƙasa ya yi birgima, a lulluɓe shi da gwado mai kauri, a zuba ruwa. A ci gaba da zuba ruwa mai tsabta bisa ƙunar kamar minti 20. Kada a ɓamɓare ƙyallen da ya manne. Kada a shafa mai ko toka ko kashin shanu. A kai shi gidan likita ba da jinkiri ba.

Kafin a sa a jiki

Gwanjo ya bi hannuwa da yawa, ya sha ƙurar kasuwa. A wanke shi da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge da dutsen guga, musamman wajen ɗinki, inda kwarkwata ke ɓoye ƙwanta. Inda rijiya ke da nisa kuma ruwa ya yi wuya, akwai wata dabara. A ƙulle kayan cikin leda, a ajiye mako biyu. Ƙwayar ƙazuwa ba ta wuce kwana biyu ko uku a raye in ba jikin mutum. Kwarkwata ma yunwa ke kashe ta. Amma kayan jarirai da na ciki, ko yaya aka yi a wanke su.

Aikin allura bai ƙare ba

Mai wayo yana haɗa biyun, ya saya wajen mai gwanjo ya kai wa tela. A zaɓi riga wadda ta fi jiki girma, don ragewa ya fi ƙari sauƙi. A ɗaga ta sama a duba ta da hasken rana, inda ya suɗe zai nuna. A ja ɗinkin hammata da na tsakanin ƙafa a gani. Babban zanen gado na auduga yana fitar da taguwar yara biyu ko uku. Wandon babba da gwiwa ta ci yana zama gajeren wandon yaro. Riga matsattsiya, tela yana iya tsaga gefenta ya ƙara ƙyalle, iska ta samu hanya.

Ado ma bai ɓata ba. Matan Fulani Woɗaaɓe sun shahara da ɗinkin hannu mai launi iri-iri bisa baƙin ƙyalle, kowace da irin zanenta. Ƴan mata a garuruwa suna yi wa bakin mayafi da kallabi ado da zare. Maza suna ɗinka hula a gindin itace lokacin rani. Rigar da ta fito daga dila, in hannun mai ita ya taɓa ta, ta zama tasa, ba mai irinta a kasuwa. Kuɗin gyara kuwa a cikin gari yake tsayawa, wajen tela da yaransa masu koyo.

Saura tsumma. Na auduga yana ruɓewa a ƙasa, kuma kafin nan yana amfani wajen cika akumari ko yin gammo. Na roba ba ya ruɓewa. Cikin rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare, awaki da shanu suna cin leda da tsumma a juji. Abin yakan dunƙule cikin tumbi, dabba ta yi ta ramewa tana ci ba ta ƙiba, wani lokaci har ta mutu. Mahauta sun sha ganin haka in sun farke ciki. A tattara tsumman roba a binne shi da zurfi, nesa da garke da rijiya.

Ranar kasuwa mai zuwa, mai saye ya juya wuyan riga ya karanta tukuna. Auduga mai yalwa don rana, ulu don ɗari, roba kuwa a nesanta ta da murhu. Sannan a yi ciniki.