Bayani A Kan Aibin Eriyar Wayar Hannu Da Dalilan Ɗaukewar Sabis

 Ku sani ƙorafi ya yawaita a kan wayar hannu. Wani ya ce yana tsakiyar ciniki da abokin hulɗarsa na Kano magana ta yanke. Wani ya ce ya tura kuɗi, mai kaya bai ga shaida ba har kasuwa ta tashi. Wanda ya shiga kasuwa a farkon shekarar 2023, lokacin da aka canja fasalin Naira takardun kuɗi suka yi wuya, ya san abin da rashin sabis ya ke jawo wa ɗan kasuwa. Galibi a kan ɗora laifin duka a kan kamfanin layi. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa aibin yana cikin wayar da ke hannun mutum, a wani ɗan ƙarfe da a ke kira eriya, wanda mai saye ba ya ganinsa, mai sayarwa kuwa ba ya ambatonsa.

Fasali na farko: Mece ce eriya

Kowa ya san eriyar rediyo, watau sandar nan da a ke zarowa a karkata ta har murya ta fito sarai. Wayar hannu ita ma rediyo ce, sai dai tana ji kuma tana faɗa. Tana aika igiyar iska zuwa ga dogon ƙarfen sabis da ke unguwa, ƙarfen kuma yana aiko mata. Wannan igiya tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma kowace iri tana da tsawonta. Kamfanonin da suka fara aiki a ƙasar nan a watan Agusta 2001, bayan Hukumar Sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisi a watan Janairu na shekarar a kan dala miliyan 285 kowane, sun kafu a kan zango biyu, na 900 da na 1800. Igiyar zangon 900 tsawonta kamar inci 13 ne, ta 1800 kuwa rabin haka.

To, masana sun tabbatar eriya ta fi amsawa idan tsawonta ya dace da igiyar, misali rubu'inta, watau inci 3 da ɗoriya ga zangon 900. Shi ya sa wayoyin farko su ke da ƙaho a ka. A shekarar 1999 kamfanin Nokia ya fito da samfurin 3210, wanda ya shahara da ɓoye eriya a ciki, daga nan sauran maƙera suka bi. Wayar yau kuwa fuskarta duka gilashi ce, cikinta batir ya cinye, ga ta siririya, alhali a na bukatar ta ɗauki eriyoyi da dama: ta magana, ta intanet, ta gane wuri, da ta haɗuwa da na'urorin kusa. Sai maƙeri ya matse su a gefe, ko sama, ko ƙasa, daidai inda tafin hannu ya ke kamawa.

Jikin ɗan Adam kuwa fiye da rabinsa ruwa ne, ruwan kuma da gishiri. Irin wannan ruwa yana shanye igiyar iska. Har wa yau idan fata ta taɓa ƙarfen eriya sai ta sauya masa awo, kamar tsirkiyar goge da aka ɗora wa yatsa, sautinta ya koma wani.

Fasali na biyu: Labarin iPhone 4

Babban misalin wannan aibi ya auku a Amurka. Ran 24 ga Yuni 2010 kamfanin Apple ya fito da iPhone 4, cikin kwana uku aka sayi miliyan 1.7. Maƙeranta sun yi dabara, suka mai da ƙarfen da ya kewaye wayar ya zama shi ne eriya, suka raba shi da 'yan tsagogi. Ɗaya daga tsagogin yana ƙasa ta hagu. Idan mutum ya riƙe wayar, musamman da hannun hagu, sai tudun tafinsa ya haɗa ƙarfe biyu da aka raba da gangan, nan take sabis ya faɗi. Masu gwaji na mujallar AnandTech sun auna, suka sami cewa idan an damƙe ta sosai ƙarfin da ke isa gare ta yana komawa kamar kashi 1 cikin 250. Inda sabis ya ke da ƙarfi ba a lura. Inda ya ke da rauni kuwa sai magana ta yanke.

Da mutane suka koka, shugaban kamfanin, Steve Jobs, ya amsa wa wani mai saye cewa ya daina riƙe ta haka. Ran 2 ga Yuli kamfanin ya ce lissafin da wayar ke yi wajen nuna sandunan sabis ne ke da kuskure, tana nuna sanda biyu fiye da gaskiya a wurare da yawa. Ran 12 ga wata mujallar Consumer Reports, wadda aikinta gwada kaya domin masu saye, ta ce ba za ta ba da shawarar sayenta ba, ta kuma nuna cewa ɗan salatif da aka liƙa a kan tsagar yana maganin abin. Ran 16 ga Yuli Jobs ya tara 'yan jarida, ya ce duk wayoyi suna da irin wannan rauni, amma ya yi alkawarin ba kowane mai saye rigar roba kyauta, wanda bai gamsu ba kuma ya maido ya karɓi kuɗinsa. Masu saye suka haɗu suka kai ƙara, a 2012 aka yi sulhu a kan dala 15 ko riga ga kowa. A watan Oktoba 2011 kuwa an riga an fito da iPhone 4S, mai eriya biyu, wadda ke komawa ga ɗaya idan hannu ya rufe ɗaya.

Maganar da Jobs ya yi cewa ba wayarsa kaɗai ba, tana da gaskiya a ciki. Wani shaihin malami a Jami'ar Aalborg ta ƙasar Denmak, Gert Pedersen, ya yi shekaru yana auna wayoyi iri iri a ɗakin gwaji. Ya sami bambanci mai yawa tsakanin waya da waya, har a waya ɗaya tsakanin riƙon dama da na hagu, ya kuma nuna cewa tsadar waya ba ta lamunce kyan eriyarta. Wannan shi ne abin da 'yan kasuwa suka daɗe da gani da idonsu: ƙaramar waya mai madannai ta kama sabis a ƙauye, babbar da ta ninka ta kuɗi sau hamsin ta yi shiru.

Fasali na uku: Aibobin da suka fi yawa a wayoyin kasuwarmu

Na ɗaya, wayar da ba a ƙera ta domin ƙasar nan ba. Kowace ƙasa da zangunan da ta ke aiki da su. Lokacin da Glo ya buɗe 4G a 2016 ya ɗora shi a kan zangon 700, wayoyi da yawa da ke hannun mutane a sa'an nan ba su iya kama shi ba, ko da ya ke lafiyarsu ƙalau. Haka 5G da MTN ya fara a 2022 yana kan zangon 3500. Saboda haka wayar gwanjo da aka kawo daga Amurka ko Japan tana iya rasa zangon da ƙarfen unguwarku ya fi ƙarfi a kai. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya ci kasuwar Afirka ne domin ya dubi bukatar mutanenta, ya yawaita waya mai ɗaukar layi biyu da batir mai jimiri.

Na biyu, wayar da aka taɓa buɗewa. A cikin waya akwai wata siririyar igiya mai haɗa eriya da uwar na'ura, da waɗansu 'yan ƙarafa masu tauri da ke taɓa murfin baya. Idan waya ta faɗi, ko mai gyara ya canja gilashi ko wurin caji bai mai da igiyar daidai ba, ko ya sa murfin da ba na asali ba, sai waya ta kunnu, hoto ya fito, amma kunnenta ya yi nauyi.

Na uku, jabun waya, wadda aka kwaikwayi sunan wata aka cika ta da kayan banza. Hukumar NCC ta shar'anta cewa kowane samfuri sai ta gwada shi ta amince kafin a sayar. Na huɗu, rigar ƙarfe da a ke sa wa waya domin ado, ita ma tana toshe eriya.

Fasali na huɗu: Abin da ba laifin waya ba ne

Adalci ya wajabta a faɗi wannan. Ƙarfe yana mai da igiyar iska baya kamar yadda madubi ke mai da haske. Shagon kwantena, da rumfa mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe, da bene mai rodi da yawa, duk suna rage sabis, igiyar 3500 kuwa ta fi ta 900 kasa ratsa bango. Sa'an nan kowane ƙarfen sabis yana da iyakar mutanen da zai ɗauka a lokaci guda. Ranar da kasuwa ta cika sai ka ga sanduna sun cika amma kira ba ya shiga, kamar rijiya ɗaya da guga ɗari. Ƙarfen kuma da man dizal ya ke aiki, kuma igiyar gilashi da aka binne a ƙasa ita ke haɗa shi da sauran garuruwa, masu aikin hanya kan tsinke ta. Ran 14 ga Maris 2024 igiyoyin da ke ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet da bankuna suka gamu da cikas a Afirka ta Yamma. A watan Satumba 2021 kuma an rufe sabis da gangan a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. A irin waɗannan ranaku ko wace waya ka riƙe ba ta da abin yi.

Ku lura kuma da cewa idan sabis ya yi rauni waya kan ƙara ƙarfin kiranta, kamar mai kiran wanda ya yi nisa. Daga nan batir ya zube, waya ta ɗau zafi, balle a watan Afrilu da zafin Sakkwato ke wuce awo 40.

Fasali na biyar: Yadda mai saye zai gwada

Kada a dogara ga sanduna, domin kowane kamfani da yadda ya ke lissafa nasa, labarin Apple ya ishe mu shaida. A wayoyin Android akwai wurin bayanin layi a cikin saiti, inda a ke nuna lamba mai alamar ɗebewa a gabanta. Ƙaramar lamba ita ce mai ƙarfi, kuma kowane 10 ninki goma ne, watau 85 ta fi 95 sau goma. To, sai mai saye ya sa layinsa a wayar, ya duba lambar a cikin shago, ya kwatanta da ta wayar da ya amince da ita a wuri ɗaya. Ya ajiye ta a tebur ya duba, ya damƙe ta da dama, ya damƙe da hagu, ya ga ko lambar ta yi tsalle. Ya kira wani su yi magana ta minti biyu ko uku. Ya danna *#06#, lamba mai harafi 15 za ta fito, ya gwada ta da wadda ke jikin kwali. Ya nemi rasit, ya kuma yi sharaɗin kwana biyu ko uku domin ya gwada ta a gidansa da rumfarsa. Gani ya kori ji.

Wanda ya riga ya saya kuwa, ya riƙe ta da yatsu a tsakiya, ya bar sama da ƙasa a sake, ko ya yi amfani da abin sawa a kunne. Ya cire rigar ƙarfe ya sa ta roba. Ya matso bakin ƙofa ko taga. Idan 4G ta yi rauni ya mai da wayar 3G ko 2G domin magana. Idan kuwa duk wayoyin unguwa ne suka yi shiru, ya kai kuka ga kamfanin layi, in ba su biya bukata ba ya kira NCC a lamba 622, kyauta ne.

Kammalawa

Saura magana ga masu shaguna. Malamanmu sun san hukuncin aibi a babin ciniki, yana nan a Risala da Muhtasar: wanda ya sayi abu ya sami tsohon aibi da aka ɓoye masa, yana da zaɓi ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa, mai sayarwa kuma wajibi ne ya bayyana aibin da ya sani. Waya an yi ta domin magana, wadda ba ta kama sabis kuwa ta rasa abin da aka saye ta dominsa, ko da gilashinta ba shi da ƙwarzane. A zamanin da Sakkwato tana da muhtasibi mai zaga kasuwa yana duba mudu da sikeli. Eriya ba ta aunuwa da ido, saboda haka amanar ta koma wuyan mai shago da mai gyara. Wanda ya san an taɓa buɗe waya ya faɗa, ya rage kuɗi daidai aibin. Wanda ya yi haka ya sami abokin ciniki na shekaru, domin mutumin da ya zo daga Gwadabawa ko Illela ya saya, shi zai aiko da ƙaninsa baɗi.